Wace kalmar Turanci ta dace a madadin “suffering” a takardar neman agaji?

Sakataren manoman rani, Auyo

Assalamu alaikum malamai. Ƙungiyarmu za ta kai takarda ƙaramar hukuma, da kwafi ga wata ƙungiyar agaji, kan ɓarnar da ruwa ya yi mana a daminar nan. Shinkafa ta nutse, hanyar da ke fitar da mu titin Haɗeja ta yanke, ga ciyawar kachalla ta toshe magudanar ruwa. An ce da Turanci za a rubuta. Da na gama sai na ga kusan kowane layi in ba “suffering” ba to “problem” ne. Ga misali: “Our people are suffering too much because of flood problem and we are living hardly.”

Ƙamus na waya ya jero mini “hardship”, “adversity”, “ordeal”, “plight”, “predicament”, “distress” da “calamity”, kuma duk ya ce wahala ce. Mene ne bambancinsu, kuma wacce ta dace da takardar hukuma? Ƙanwata ma da za ta zauna WAEC bana tana fama da irin waɗannan kalmomi. Allah ya saka da alheri.

Malamin Turanci, Ringim

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Allah ya mayar muku da mafi alheri, ya kiyaye na gaba.

Kafin komai, cire “hardly” daga jimlar nan, domin ta juya maganarka. Ba ta nufin cikin wahala. Ma'anarta da ƙyar, ko kusan babu. “We hardly eat meat” na nufin ba kasafai muke cin nama ba. Wanda ya rubuta “our farmers work hardly” so yake ya ce suna aiki tuƙuru, amma mai karatu zai ji kamar ba sa taɓuka komai. “Our farmers work hard” shi ne daidai. Sannan “flood problem” ba ta da amfani, “the flood” ko “flooding” ta wadatar.

Ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba. Duk gida ɗaya suke, ɗakunansu ne daban. Kafin ka zaɓi ɗaya ka tambayi kanka: abin nan wani aiki ya hana, ko rayuwa gaba ɗaya ya ƙuntata? Na kwana biyu ne ko ya ja lokaci?

“Difficulty” ita ce mafi sauƙi a cikinsu: wuyar aiwatar da wani abu. Hanya ta yanke, kai amfanin gona kasuwa ya yi wuya: “Farmers have difficulty transporting their produce to the market.” Ka lura da ginin. Bayan “have difficulty” aikatau yana ɗaukar “-ing”, ko ka sa “in” a tsakani ko ka bari. “Have difficulty to transport” kuskure ne, kuma ya yi yawa a rubutun ɗalibai. Siffar ce take tafiya da “to”: “It is difficult to transport rice.”

“Hardship” ita ce kalmar da takardarka ta fi buƙata. Ƙuncin rayuwa ne da rashin abin masarufi ke jawowa, wato abinci, kuɗi, muhalli, ruwan sha, kuma yana ɗaukar makonni ko watanni. Ɗalibin da lissafi ya gagare shi yana da “difficulty”, ba “hardship” ba. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin sabon hatsi ya nuna, shi ne ke cikin “hardship”. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, jaridun Turanci na ƙasar nan ba su rabu da “economic hardship” ba, abin da gidajen rediyo ke kira matsin tattalin arziki. Tana da aikatau ɗin da take tafiya da su: mutane suna “face”, “suffer” ko “endure” ɗinta, ambaliya tana “cause” ɗinta, hukuma kuma tana “ease”, “relieve” ko “alleviate” ɗinta. Ba a cewa “solve hardship”, domin “solve” ta “problem” ce. In kana nufin ƙuncin gaba ɗaya kada ka sa “a” a gabanta: “severe hardship”. In kana lissafa iri-iri sai ka yi jam'i: “the hardships of the rainy season”.

“Suffering” kuwa zafin da mutum yake ji ne a jikinsa ko zuciyarsa. “Hardship” halin da ake ciki, “suffering” abin da halin ya sa ake ji. Illar “we are suffering” a takardar hukuma ita ce ba ta faɗa wa jami'i komai ba. Bai san ko abinci ne babu, ko gida ya rushe, ko cuta ce ta ɓarke ba, saboda haka bai san abin da zai rubuta wa na gaba da shi ba. Ka kuma kula da “from”: ana sa ta in cuta ce, “children are suffering from malaria”, amma ba a sa ta in asara ce, “farmers suffered heavy losses”.

“Plight” ta dace da buɗe takarda. Mummunan halin da wasu jama'a ke ciki ne wanda ake so a jawo hankali a kansa, kuma kusan kullum tilo take zuwa da “of” a bayanta: “We write to draw your attention to the plight of farmers in our village.” Sau ɗaya ya isa.

“Problem” ka ajiye ta ga kachalla, domin abu ne mai mafita: a kawo injin yasa a share magudana. “Challenge” kuwa, wato ƙalubale, ni ban yarda a sa ta a nan ba. Kalma ce da ake sassauta magana da ita a taro, kuma tana nuna cewa mai abin zai iya shawo kansa da ƙoƙarinsa. Wanda ruwa ya cinye masa abincin shekara ba ƙalubale yake fuskanta ba.

Malama mai koyar da fassara, Dambatta

Sannu da ƙoƙari Malam. Bari in ɗora a kan sauran kalmomin, musamman saboda ƙanwar tamu, domin nan ne masu shirya jarrabawa suke ɗana tarko.

“Ordeal” abu guda ne mai tsanani da ya auku, yana da farko yana da ƙarshe, mutum ya shiga ya fita. Iyalin da suka kwana a kan tudu cikin ruwan sama har gari ya waye kafin kwale-kwale ya zo, sun shiga “ordeal”. Wanda aka sace aka sako, jarida za ta ce “he narrated his ordeal”. Talaucin shekara da shekaru ba “ordeal” ba ne. Asalin kalmar ma yana taimakawa wajen riƙe ta: a tsohuwar Ingila wata irin shari'a ce, a sa wanda ake tuhuma ya ɗauki jan ƙarfe ko ya tsoma hannu a tafasasshen ruwa, a ɗaure hannun, bayan kwana 3 a buɗe a duba ko yana warkewa. Azaba ce ta ƙayyadadden lokaci, kuma haka ma'anar ta zauna har yau.

“Predicament” ita ce tsaka mai wuya, mutum ya rasa ta inda zai ɓullo. Manomin da ya karɓi taki bashi zai biya da kaka, gonar kuma ta nutse, yana cikin “predicament”. “Dilemma” ta fi ta ƙunci: zaɓi biyu ne, kowanne da illarsa, gaba kura baya siyaki. Ya ci irin da ya ajiye ya rasa na shukar rani, ko ya riƙe irin yara su kwana da yunwa. In babu hanya biyu a gaban mutum, ba “dilemma” ba ce, ko da abin ya kai ina wajen tsanani. Harafin m guda biyu ne a rubutunta, babu n.

“Adversity” ta littafi ce da jawabi. Doguwar jarrabawar rayuwa ce, kuma yawanci tana zuwa ne tare da yabon haƙuri: “courage in the face of adversity”. Tana ƙawata insha'i, amma a takardar neman iri da taki za ta zauna kamar baƙuwa. Ƙanwarka ta bambance ta da “adversary”, abokin gaba. Haka “adverse”, kamar a “adverse weather”, yanayi mara kyau, daban take da “averse”, wato mutum ba ya son abu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

“Tribulation” da “affliction” suna da ƙamshin wa'azi, kusa da abin da muke kira ibtila'i. Ta farkon daga Latin ta fito, daga sunan wani katako mai haƙoran dutse ko ƙarfe da ake ja a kan hatsi wajen sussuka. “Distress” damuwa ce mai tsanani, ko hatsarin da ke neman ɗauki nan take, shi ya sa jirgin ruwan da ke nutsewa yake aika “distress call”. Ba ɗaya take da “stress” ba, wadda matsin aiki ne da gajiyar tunani.

A ɓangaren siffofi, kowacce da irin abin da take bayyanawa. Doguwar tafiya mai cin ƙarfi “arduous” ce. Aikin da ke neman ƙarfin jiki, kamar huɗa da hannu, “strenuous” ne. Wanda ke cin lokaci a hankali a hankali, kamar ɓarar gyaɗa da hannu, “laborious” ne. Wanda ke barin mutum liƙis “gruelling” ne. “Onerous” ba ta shafi tsoka ba, ta nauyin da aka ɗora wa mutum ce, kamar sharaɗin bashi ko haraji. “Harsh” ta yanayi ce da mu'amala, sanyin hunturu ko hukunci mai tsauri. “Tough” kuma ta hira ce, a bar ta a wasiƙar aboki.

Game da jarrabawar: Turancin WAEC takarda 3 ne. Ta farko tambaya 80 ce ta zaɓi, a nan ake samun “nearest in meaning” da “opposite in meaning”. A ta biyu, ƙarƙashin fahimtar karatu, ana ba da wasu kalmomi a ce ta kawo wadda za ta maye gurbin kowacce kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin. Nan ɗalibai ke zubar da maki alhali sun san ma'anar. In kalmar siffa ce, amsar ma siffa ce: a madadin “arduous” sai “difficult”, ba “difficulty” ba. In aikatau ne na abin da ya wuce, amsar ma haka: a madadin “endured” sai “suffered” ko “bore”, ba “suffer” ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ta cire kalmar daga jimlar, ta sa tata, ta karanta jimlar daga farko ba tare da ta canja komai ba. In sai ta ƙara “a” ko ta cire “to” kafin ta zauna, amsar ba ta yi ba. Kuma ta ba da amsa ɗaya. Jera biyu ko uku ba ya ƙara maki, mara kyau ce ma take ɓata mai kyau.

A insha'i kuma, wanda ake son ya kai kalma 450, maki 20 cikin 50 na iya sarrafa harshe ne. Babbar kalma da aka sa ba a muhallinta ba ragi take jawowa, ƙaramar da ta zauna daidai ba ta jawo komai sai alheri.

Ɗalibin kwalejin ilimi, Gumel

Malama, to ina matsayin “untold hardship” da “abject poverty”? Kullum ina ganinsu a jarida, ina ganin za su ƙara wa takardar Yaya Sakatare nauyi.

Malama mai koyar da fassara, Dambatta

Ɗana, Turanci ne mai kyau, babu kuskure a cikinsu. “Untold” a nan ba wanda ba a faɗa ba take nufi, wanda ya wuce misali take nufi. Amma yawan amfani ya cinye musu kaifi, jami'in da ke karanta takardun koke kullum idonsa wucewa yake yi ta kansu. “Severe hardship” tare da bayanin abin da aka rasa ta fi kama hankali. “Abject poverty” kuma magana ce kan talaucin da aka daɗe ana ciki, su kuwa manoma ne masu abin yi da ruwa ya yi wa ɓarna a damina ɗaya.

Jami'in gona, Kafin Hausa

Malamai sun gama da nahawu. Ni zan yi magana ne a kan kalmomin da masu aikin agaji ke auna su da ma'auni, domin a nan kalma ɗaya tana iya sa a daina yarda da sauran takardar.

Malam Sakatare, kada ka rubuta “famine”. A bakinmu duk yunwa ce, amma a wurinsu kalmar tana da sharuɗɗa. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya, wanda Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma ke bin irinsa da sunan Cadre Harmonisé, mataki 5 ne: “minimal”, “stressed”, “crisis”, “emergency”, sai “famine” a ƙarshe. Ba a ayyana na biyar sai gida 1 cikin 5 ya rasa abinci kusan gaba ɗaya, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara sun kamu da tamowa, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa a kullum. Irin yunwar da aka yi a ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914 ita ce “famine”. Abin da kuke ciki “food shortage” ne, ƙarancin abinci, ko “food insecurity” in kana nufin gidaje ba su da tabbacin abincin watanni masu zuwa. “Hunger” jin yunwa ne. “Starvation” kuwa yunwar da ta kai ga halaka jiki ce.

Haka “malnutrition”, wato tamowa. Auna ta ake yi. Ma'aikacin lafiya yana zagaya tef a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. In asibitin garinku ya auna, karɓi adadin ka sa. In ba a auna ba, faɗi abin da ido ya gani: gidaje sun koma cin abinci sau ɗaya a rana.

“Disaster” ta dace da ambaliya, ita ce ma kalmar da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwarorinta na jihohi ke aiki da ita. “Calamity” da “catastrophe” sun fi ta girma da zafin rai, ba sa ƙara bayani.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen bayyana ɓarnar. “Damaged” ya lalace amma yana gyaruwa, “destroyed” ya tafi gaba ɗaya. Gidan ƙasa da katanga ɗaya ta faɗi “damaged” ne, wanda ya zube ƙasa “destroyed” ne, kuma taimakon da ake warewa kowanne daban ne. Gona “submerged” ruwa ya rufe ta, “washed away” ruwa ya tafi da shukar. In ka ce “submerged” to ka faɗi kwana nawa, domin shinkafar da muka saba shukawa ba ta cika wuce mako guda a ƙarƙashin ruwa ta rayu ba, alhali irin FARO 66 da FARO 67 suna iya jure kusan mako biyu. Wannan ma abin roƙo ne: “flood-tolerant rice seed”. Mutanen da suka bar gidajensu suka koma makarantar firamare ko wurin dangi “displaced” ne. “Homeless” sai wanda ba shi da gidan komawa. “Affected” ta haɗa kowa, har wanda ɗan ruwa ya shiga tsakar gidansa, saboda haka ita kaɗai ba ta nuna nauyi. “Destitute” wanda ba shi da komai ne kwata-kwata, kuma a Turancin ƙasar nan har mabarata ake kira da ita. Kada ka jingina ta ga membobinka.

Ka ƙirga da hekta ko eka, amma ka tsaya a kan ɗaya. Hekta 1 kusan eka 2.5 ce. Masu zuwa dubawa suna riƙe da takardarka a hannu, abin da ka rubuta da shi za su gwada abin da suka gani.

Ga ƙanwarka kuma: fari shi ne “drought”. “Draught” daban ce, “draught animals” su ne shanun huɗa, kuma “draft” ake furta ta.

Sakataren manoman rani, Auyo

Na gode ƙwarai malamai, Allah ya ƙara basira. Ga yadda na gyara:

“We write to draw your attention to the plight of farmers in our village. The recent flood submerged our rice farms and destroyed the crops. The road is damaged and farmers have difficulty to reach the market. Many families are facing a severe hardship and food shortage. We appeal for you to elevate our hardship.”

A duba mini.

Malamin Turanci, Ringim

Ta miƙe sosai Malam Sakatare, jimla biyun farko ba su buƙatar gyaran nahawu. Saura huɗu.

“Difficulty to reach” ta koma “difficulty reaching”. Cire “a” daga gaban “severe hardship”, ka sa ta gaban “food shortage”, ko ka yi jam'i: “severe hardship and food shortages”. “Appeal” tana ɗaukar “to” ga wanda ake roƙo, “for” ga abin da ake roƙa: “We appeal to you for assistance.” Na huɗun shi ne mafi hatsari: “elevate” ɗaukakawa ce, ka roƙi a ƙara muku ƙunci ke nan. “Alleviate” kake nufi. Tun da suna rikicewa a kunne, sa “ease” ka huta.

Sai abin da Jami'in gona ya faɗa: “many families” ta koma adadin gidajen da kuka ƙirga, “our rice farms” ta samu yawan hekta da kwanakin da ruwa ya yi a kai, “recent” ta koma ranar da ruwan ya shigo. Jimlar ƙarshe kuma ta ambaci abin da kuke so da sunansa, kamar haka: “We appeal to you for flood-tolerant rice seed, fertiliser, repair of the road and clearing of the typha grass blocking the channel, to ease the hardship before dry-season farming begins.” “Typha grass” ita ce kachalla.

Ka sa kan magana a ƙarƙashin “Dear Sir”, misali “Appeal for Assistance to Flood Victims”. Tun da da “Dear Sir” ka buɗe, “Yours faithfully” za ka rufe da ita, f ƙarama, babu alamar mallaka a “Yours”. Sa hannu ya fara zuwa, sannan cikakken suna da muƙami a ƙasansa, shugaba da sakatare duka. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za ku riƙe.